Amsar Gida da Amsar Waje

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah wanda ya tsare ki tun kina ciki ya tsare ki gobe a hanyar Kachia da Kujama, ya riƙe hannun direba, ya sauke ku Sabon Tasha lafiya, ke da mijinki Obinna. Babanki yana gaishe ki. Shi ya ce in rubuta haka, ko da yake ga shi nan zaune a bakin ƙofa, ke kuma kina tsakar gida kina ninke zannuwanki. Da ya ɗaga murya kaɗan da kin ji shi.

Na zaɓi in rubuta ne domin na san ki. Maganar baki takan zo miki da gudu, ta wuce kafin ki kama ta, amma abin da ke kan takarda kikan zauna da shi har ya zama naki. Zan sa miki wannan a hannu da safe, na kuma san kafin ku wuce Zonkwa kin karanta ta, kin sake komawa farko. Ba labari zan ba ki ba, labarin gidan nan kin fi ni riƙe shi. Raina fari ne da wannan aure, Rifi, Allah ne shaida. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a wuya. Ina tsoron ranar da wani abu zai yi miki ciwo a can, a tambaye ki, ki ce lafiya lau, ni kuma ba na kusa balle in kalli hannunki in gane.

Ni na koya miki wannan amsar. Lokacin da kike ƙarama ba kya amsa wa kowa. Ran Lahadi bayan sujada matan zumunta su sunkuyo su ce 'yan mata ina kwana, ke kuwa idonki na kan fankar coci, hannunki na murza bakin zanena. Wasu suka ce kurma ce. Wasu suka ce a rafi aljanu suka taɓa ki. Wata ta ja ni gefe tana murmushi, ta tambaye ni ko akwai abin da muka yi a ƙauye da ba mu tuba ba. Na dawo gida raina na tafasa, na zaunar da ke a kan kifaffen turmi, na yi ta yi: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina labari, sai alheri. Ranar har tuwon acca ya kama a tukunya.

Kin ɗauka kuwa, fiye da yadda na zata. Gaisuwar Hausa ta zauna miki kamar rigar da aka gwada kafin a ɗinka, kowace tambaya da amsarta, ba ta canzawa rani da damina. Yarenmu na gida ma ba ki kama shi da sauri haka ba. Nan da nan matan da suka ce kurma ce suka koma cewa yarinyar Saratu akwai ladabi. Na riƙa tafiya coci kaina a sama. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko na ba ki magana ce, ko murfi na ba ki.

Sai ga ƙusar nan. Kina firamare, kullum ta layin dogo kike dawowa, kina taka katakan ɗaya bayan ɗaya, gefe guda, ba kya sauya ba. Ƙusa ta huda silifas ta shige ki. Kika shigo gida na ce Rifi yaya makaranta, kika ce lafiya lau. Washegari ma haka, da bayansa. Maman Obinna ce, tana zaune a shagonta tana auna gari, ta ga kina takawa da dunduniya, ta aiko a kira ni. Da na cire silifas ɗin na tarar ƙafar ta kumbura kamar doya. A asibiti nas ɗin tana matsawa tana tambayarki ko da zafi, hawaye na bin kumatunki, bakinki na cewa lafiya lau. Ta ɗago ta kalle ni. Har yau in na tuna wannan kallon sai in gyara zama.

Don haka ki ji, 'yata. Lafiya lau ba ƙarya ba ce, amma ba rahoto ba ce. Kamar ƙwanƙwasa ƙofa take, kowa yana yi kafin ya shiga. In an ƙwanƙwasa an gama, ana shiga ciki a faɗi abin da ya kawo mutum. Ba sai kin nemi doguwar magana ba. Sunan wurin kawai ki kira: ƙafa, kai, ciki, kunne. Kalma ɗaya ta isa mai ƙaunarki ya tashi tsaye.

Da na bar miki hannunki da na gane ƙusar tun ranar farko. Wannan murza zanen da kike yi, na yi faɗa da shi ba kaɗan ba. In ka fara in buge hannun. A coci in ɗora miki Littafi Mai Tsarki ki riƙe da hannu biyu, ba don ki karanta ba, don kada a gani. Kika daina a gabana, na ɗauka na yi nasara. Bayan maganar ƙafar aka ce mu kai ki wajen wani likita a Kaduna. Ya zauna da ke ya daɗe, sannan ya ce mana abin sunansa otizim, ba aljanu ba ne, ba zunubin kowa ba ne, haka kanki yake tafiya. Na yi ta ba shi labarin ƙoƙarin da na yi na hana ki murza zane, ina jira ya yaba mini. Sai ya tambaye ni wa murzawar take cutarwa. Na duba, ba kowa.

A mota muna dawowa babanki ya ce shi ai tuntuni yake karanta hannun nan. In kina jin daɗi da babban yatsa kike murzawa, a hankali. In hayaniya ta yi miki yawa, hannu biyu, da sauri. In ciwo ne sai ki daina gaba ɗaya, ki damƙe zanen kamar za a ƙwace. Na ce masa to me ya hana ka faɗa duk shekarun nan? Ya ce ban taɓa tambayarsa ba, kuma in ina faɗa ba a samun wurin saka allura. Na yi fushi har Kachia. A can ya saya mini gasasshiyar masara muka shirya.

Kada ki bar kowa ya sa ki jin kunyar hannunki. Gidan haya za ku zauna, ƙofa na kallon ƙofa, za a kalle ki in kin fito shanya kina murza zane kina rera wannan waƙar mawaƙan coci guda ɗaya da kika riƙe tun kina yarinya. Su kalla. Mako ɗaya ne za su gaji su koma kallon wani. Matar da ke kusa da ku wataƙila ita tana kaɗa ƙafa, mijinta yana taɓa gemu, ba wanda ya kai su wajen likita. In wata ta tambaye ki da kirki, ki gaya mata yana kwantar miki da rai. In da raini ta tambaya, ki ba ta lafiya lau ɗinki ki wuce, a nan ne take da amfani.

Likitan ya kuma ce mu taimake ki ki samu amsa fiye da ɗaya, kada kowace tambaya ta riƙa faɗawa rami guda. Ni kuwa kin san ni, in an ce in sa gishiri sai in juye kwanon. Na yi doka cewa duk lokacin da kika ba da amsar da ba ki taɓa bayarwa ba, akwai ƙosai. Kika tsura wa bango ido, na san kina lissafi. Lahadi na zagayowa matar Fasto ta tare mu a bakin coci ta ce Rifkatu ina kwana. Kika dube ta sosai kika ce, "Tolotolo." Sannan kika miƙo mini hannu.

Matar Fasto ta taɓa wuyanta. Ni na so ƙasa ta tsage. Babanki ya shige bayan motar wani yana dariya har tari ya kama shi. Mako na gaba kika ce mata jirgin ƙasa, na bayansa kika ce tsintsiya, kuma ba ki taɓa maimaita kalma ba, don haka ba ni da bakin hana ƙosai. Ke kin cika alkawari daidai yadda aka faɗa. Ni ce ban san abin da nake roƙo ba. Sabuwar amsa na ce, alhali amsar gaskiya nake nufi.

Wannan ma ki riƙe. Ba dole ki canza abu don kawai an ce ki canza ba. Ki sha kununki a kofi ɗaya kowace safiya, ki jera zarenki daga fari zuwa baƙi, ki bi hanya ɗaya zuwa shagon ɗinki. Wannan duka naki ne, kuma shi ya sa ɗinkinki ba ya karkacewa. Abin da nake roƙo shi ne ki san hanya ta biyu tun ba ki buƙace ta ba. Kin tuna ranar da ruwa ya cinye kwalbatin bayan makaranta, kika tsaya a bakinsa har yamma domin nan ce hanya? Ki ce wa Obinna ya zagaya da ke unguwar wata ranar Asabar da rana tsaka, ya nuna miki ta inda ake bi in an tare titi. Ki taka ta da ƙafarki sau da yawa har ita ma ta zama taki.

Babanki ne ya samo bakin zaren, kuma ba da dabara ba. Lokacin tsaga citta ne, kuna zaune a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ke kina jera wadda ya tsaga a kan tabarma, layi layi. Bai taɓa tambayarki komai ba. Nasa kawai yake faɗa, kamar da cittar yake magana: yau bayana na ciwo, yau ina jin yunwa tun da wuri, yau raina fari ne don rana ta fito. Sai ya yi shiru ya ci gaba da aiki. Na riƙa yi masa tsiya cewa tsufa ya fara. Wata rana ina wanke-wanke na ji muryarki, ba ki ɗago kai ba, kika ce yau kunnenki na ciwo, injin niƙan maƙwabta ya yi yawa. Kwano ya kusa kuɓuce mini. Na yunƙura zan taso da guɗa, ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Ya ce miki to sannu, ya ja tabarmar zuwa bayan ɗaki inda ƙarar ba ta kai sosai, ya koma kan wuƙarsa.

Shi ya raɗa musu suna: amsar waje da amsar gida. Ta waje ita ce lafiya lau, ta mutanen hanya. Ta gida ita ce abin da ke akwai. Kika karɓa da hannu biyu, kika kuma yi mata iyaka yadda kike yi wa komai, daidai kan ƙofar kwanon gidanmu. In ƙafarki na ciki, gaskiya tsirara, har wadda ba a nema ba. Ke kika gaya mini miyar karkashina ta fi ta kowa tsinkewa. In ƙafarki ta fita, ko taki ɗaya ne, lafiya lau. Muka ji daɗi, muka zauna a haka shekara da shekaru. Ban duba gaba ba, don a raina ban taɓa ganin ki kwana a bayan wata ƙofa ba.

Obinna ne ya fara cin karo da iyakar. Yaron nan tun yana zuwa hutu daga Kaduna yake zama a bencin shagon mamarsa daidai lokacin da kike wucewa, yana yi kamar gyaran waya yake. Kowa a layin ya gane, har mai lemu, ban da ke. Ranar da ya yi niyya ya sa sabuwar riga, ya yi wanka da turare, ya raka ki daga koyon waƙa. A wajen gadar jirgi, rana ta yi ja a kan dutsen Kagoro, ya tsaya ya faɗi duk abin da ya kwana yana haddacewa, ya ƙare da tambayar ko za ki aure shi. Kika ce masa lafiya lau, kika ci gaba da tafiya.

Ya zo mini washegari fuska kamar wanda aka kora daga jarrabawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Mama, ni dai ban gane ba, e ce ko a'a. Ni da nake ƙaunar yaron nan tun yana yawo ba wando, bakina ya riga kaina, na ce ai ta yarda, je ka gaya wa mamarka. Bai tashi ba. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, daga bakinta nake so in ji." Babanki daga cikin ɗaki ya ce ai gaskiyarsa, ba uwar zai aura ba, uwar tana da mai ita. Sannan ya fito ya tambaye shi a ina ya yi tambayar. Da ya ji a gada ne sai ya ce, to ɗana, a waje ka yi ta, shigo da ita ciki.

Obinna ya dawo da yamma. Hadari ya haɗu, iska na kaɗa ganyen mangwaro, ke kina kan tabarma. Ya tsallako ƙofar kwanon ya zauna nesa kaɗan, ya sake tambaya, gajeriya wannan karon. Ni ina kicin, wai ina tsince shinkafa. Shirun ya yi tsawo har yayyafi ya fara buga rufi. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na rufe. Ta taga ina hango babban yatsanki yana tafiya a bakin zane, a hankali, a hankali. Shi kuma bai ƙara ko kalma ba, yana zaune ruwa na ɗiga masa a sabuwar riga. Can kika ce, "Turarenka ya yi ƙarfi. In ka daina shi, ina so."

Tun daga ranar bai sake shafa turare ba, ko ran biki. Mamarsa ta ce ita da ta haife shi ta yi shekaru tana roƙonsa ya rage bai ji ba.

Kada ki yarda kowa ya amsa a madadinki, ko ni ce. Amsarki takan yi nisa kafin ta iso, amma in ta iso taki ce, kuma mai hankali zai jira ta. In an matsa miki, ki ce ina tunani, wannan ma amsa ce. Ki kuma sani shi ma Obinna yana da nasa lafiya lau ɗin. Na maza shi ne ba komai. In ya dawo daga shago ya ce ba komai alhali ya zauna bai cire takalmi ba, ki yi masa yadda babanki ya yi miki. Ki zauna kusa, ki faɗi naki, ki yi shiru. Ni lokacin da babanki yake nemana duk abin da ya tambaya sai in ce ban sani ba, ina wasa da bakin gyale. Ashe dai ba daga rafi kika samo murza zane ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ran Litinin muna shirya akwatinki kika tsaya da zane a hannu kika ce, "Mama, Sabon Tasha gida ne ko waje?" Na ce ki je ki duba mini miya. Washegari kika sake tambaya, da kalmomin nan, da muryar nan, na ce ina zaren da na ba ki. Kullum sai kin tambaya, kullum sai na samo aike. Na san ba za ki daina ba, na kuma san in kika tafi ba amsa, a wurinki duk duniya waje ce ban da tsakar gidan nan. Za ki zauna da mijinki a ɗaki ɗaya kina ce masa lafiya lau. Na san haka sarai tun ran Litinin. Kalmar ce ta yi mini nauyi, don tun da babanki ya raɗa ta, ni kaɗai da shi muke cikinta tare da ke, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

To ga amsarki, a rubuce yadda kike so.

Sabon Tasha gida ne. Ɗakin da za ku zauna ke da Obinna gida ne, ƙofa a rufe ko a buɗe. Duk inda kike tare da shi, a kasuwa, a mota, a bakin gada, gida ne, ba sai an tsallaka komai ba. In waya ta yi ƙara kika ji muryata ko ta babanki, nan ma gida ne, duk inda kike tsaye. Gaban nas da gaban likita, ko ba ki taɓa ganin fuskarsu ba, amsar gida ake ba su. Nan Kafanchan kuma yana nan yadda yake, ba a cire shi ba, an ƙara ne. Mutum yana iya samun gida biyu, ni ma da na zo daga ƙauyenmu haka aka yi mini, ban kuwa rasa ko ɗaya ba.

Ubangiji ya sa miki albarka ya kiyaye ki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ku maƙwabta masu sauƙin kai da janareta mara ƙara, ya sa salama a ɗakinku. Ya tsare Obinna a hanyar shago, ya tsare ki a kan keken ɗinki. Ya haɗa fuskokinmu da Kirsimeti cikin murna. Amin.

In kun isa ya sauke akwati ya ce Rifi ina gajiya, kada ki ce masa ba gajiya. Hanyar Kachia akwai gajiya, 'yata. Ki gaya masa.

Ni ce mamarki mai ƙaunarki,
Saratu